Darasin Lafiya: Ciwon Baya Tsakanin Hannun Mai Gyara da Wuƙar Likita

Darasin wannan fitowar a kan ciwon baya ne. Tambayoyi biyu ne suka fi yawo a bakin mutane game da shi. Wasu sun ga bidiyo a waya, an kwantar da mutum an danna masa baya ya yi ƙara, ya tashi yana murmushi, suna son su san ko wannan magani ne na gaskiya. Wasu kuma an ce musu sai an yi musu aiki a baya, tsoro ya kama su, ko kuma sun fara tunanin sayar da 'yar akuyar da ta rage domin su tara kuɗin tiyata. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa na kusa da shi, musamman tsofaffi da mata masu ɗebo ruwa da itace.

Abin da muke so kowa ya riƙe shi ne: kada a danna baya, kada a tsaga shi, kada a yanka shi, sai an san abin da ya kawo ciwon.

1. Yadda bayan mutum yake

Ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne guda 33 a jere, ɗaya bisa ɗaya: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji inda haƙarƙari ke maƙale, 5 a ƙugu, sai 5 da suka haɗe suka zama ƙashi guda a tsakiyar kwankwaso, da 4 ƙanana a can ƙarshe. Tsakanin ƙasusuwan da ke motsi akwai faifan guringuntsi mai tauri daga waje, mai laushi daga ciki. Aikinsa irin na gammo ne, shi ke hana ƙashi gugar ƙashi idan an ɗauki kaya.

Ta tsakiyar waɗannan ƙasusuwa akwai rami, a cikinsa laka take. Ita ce ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa hannu da ƙafa da mafitsara da hanji. A daidai saman ƙugu lakar ke ƙarewa, daga nan sai jijiyoyi su zubo ƙasa a tattare kamar jelar doki. Karayar hannu ko ƙafa tana ɗoruwa, amma laka idan ta lalace da wuya ta dawo yadda take. Shi ya sa ba a wasa da baya.

2. Ciwon da ya fi yawa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a duniya, kuma shi ne kan gaba wajen hana mutane aikinsu. Kusan tara cikin goma na masu wannan ciwo, idan aka bincika, ba a samun karaya ko wata muguwar cuta. Tsoka ce ta gaji, ko gaɓa ta yi tsami, ko an sunkuya an ɗaga kaya ba daidai ba. Irin wannan yakan yi sauƙi sosai cikin mako shida, ko da yake yakan dawo wani lokaci.

Rayuwar sansani tana ƙara shi. Jarka mai lita 20 kilo 20 ce a kan wuya, mai lita 25 kilo 25. Ga daka da surfe, ga itace daga nesa, ga goyo, ga kwanan tabarma a ƙasa mai tauri. Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Rashin barci, da fargaba, da tunanin gida da waɗanda aka rasa, duk suna sa tsoka ta ɗaure, ciwo ya ƙara tsanani ya daɗe. Wannan ba ya nufin mai ciwon ƙarya yake yi ko raki. Ciwonsa na gaske ne.

Wani lokaci faifan guringuntsi yakan tsage, laushin cikinsa ya turo ya danne jijiya. Sai mutum ya ji zafi na sauka daga ɗuwawu ta bayan cinya har ƙafa, kamar an ja masa waya mai wuta. Yana da azaba, amma mafi yawan masu shi sukan samu sauƙi cikin makonni zuwa wata uku ba tare da tiyata ba, domin jiki kan tsotse abin da ya turo a hankali.

3. Alamomin da ba a kwana da su

Waɗannan sai a tafi asibiti nan take, dare ko rana:

- Fitsari ya tsaya, ko fitsari ko bayan gida na zuba ba a sani ba.
- Tsakanin cinyoyi, gaba da dubura sun sage, har mutum ba ya jin ruwa idan yana tsarki.
- Ƙafafu na rasa ƙarfi, ana jan ƙafa, takalmi na fita ba a ji ba, ko ana faɗuwa.
- Ciwon ya biyo bayan faɗuwa daga mota, babur, bishiya ko rufin ɗaki, ko duka mai tsanani, ko harbi.
- Mace mai ciki ta ji ciwon baya mai zuwa yana tafiya, ko tare da jini ko zubar ruwa.

Alamomi uku na farko suna nuna an danne jijiyoyin nan masu kama da jelar doki. A nan awoyi ake ƙirgawa. Idan aka buɗe wa jijiyoyin hanya cikin yini ɗaya ko biyu, akwai kyakkyawan fata. Idan aka tsaya jiƙe-jiƙe na mako guda, mutum na iya rasa riƙon fitsarinsa har ƙarshen rayuwa. Kunya ba ta da wuri a nan. Uwa ko uba da ya ga haka a jikinsa ya faɗa wa ma'aikacin lafiya kai tsaye.

Wanda ya faɗo yana kukan baya ko wuya, kada a zaunar da shi, kada a goya shi, kada a ɗora shi a babur. A sami ƙyaure ko katako mai faɗi, mutum uku ko huɗu su ɗaga shi a miƙe, ɗaya na riƙe da kansa don kada wuyan ya karkace.

Waɗannan kuma a je a cikin kwana ɗaya ko biyu:

- Ciwon baya tare da zazzaɓi, gumin dare, ko rama.
- Ciwon da ba ya lafawa ko an kwanta, yana tashin mutum cikin dare.
- Wani ƙashi ya fara turowa a gadon baya, ko doro na fitowa.
- Ciwon baya ga ƙaramin yaro, ko ga wanda aka taɓa ce masa yana da ciwon daji.
- Ciwo a gefe ɗaya ƙarƙashin haƙarƙari, da zafin fitsari. Wannan na iya zama ƙoda.

A nan sai mu tsaya a kan tarin fuka, wanda ake kira tibi. Mutane da yawa sun ɗauka huhu kaɗai yake kamawa. Yana kama ƙashin baya ma, kuma mai shi ba lallai ne ya yi tari ba. Wani likitan Ingila mai suna Percivall Pott ya yi bayanin wannan cuta tun shekarar 1779, har yau da sunansa ake kiranta. Ƙwayar cutar tana cin ƙashin a hankali cikin watanni, ƙashin ya rufta, doro ya fito, a ƙarshe ƙafafu su shanye. Cunkoso da ƙarancin abinci suna ba ta ƙofa, kuma duka biyun mun san su. Abin farin ciki, tana warkewa da ƙwayoyin tibi, sai dai shan maganin yakan kai wata tara zuwa shekara guda, kuma ba a yanke shi a tsakiya. Mai irin wannan baya idan aka danna shi da ƙarfi, an rusa ginin da gara ta riga ta cinye.

Masu kiwo su ma su lura. Akwai cutar da ake ɗauka daga madarar da ba a tafasa ba, ko wajen taɓa mahaifar dabbar da ta yi ɓari. Tana kawo zazzaɓi mai zuwa yana komawa, da ciwon ƙugu. A gaya wa ma'aikacin lafiya idan ana hulɗa da dabbobi.

4. Mene ne kairofiraktik?

Abin da kuke gani a bidiyo sunansa kairofiraktik. Kalmar daga harshen Girka take, ma'anarta aikin hannu. Wani mutum mai suna Daniel David Palmer ne ya fara shi a jihar Ayowa ta Amurka a shekarar 1895. Shi ba likitan asibiti ba ne. Ya yi imani cewa gocewar ƙasusuwan baya ce tushen kusan kowace cuta, kuma idan aka mayar da su da hannu za a warke. Binciken da aka yi daga baya bai tabbatar da wannan magana ba. Danna baya ba ya maganin asma, ko hawan jini, ko ciwon sukari, ko rashin haihuwa. Duk wanda ya ce muku yana yi, ku riƙe kuɗinku.

Amma sana'ar ba a banza take ba. A yau ana koyonta shekara huɗu zuwa biyar a makarantu masu rajista. A nahiyarmu akwai masu koyar da ita a jami'o'in Daban da Johanasbag na Afirka ta Kudu. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan ciwon ƙugu mai daɗewa, ta sa gyaran baya da hannu da tausa cikin abubuwan da za a iya yi wa majiyyaci, tare da motsa jiki da wayar masa da kai game da ciwonsa. Sauƙin da ake samu matsakaici ne, kuma bai fi wanda motsa jiki ke bayarwa ba. Taimako ne, ba warkewa ta dare ɗaya ba.

Ƙarar nan da ake ji ba ƙashi ne ya koma mazauninsa ba. Kumfar iska ce a cikin ruwan gaɓa, irin wadda ake ji idan an ja yatsa. Ƙarfin ƙara ba shi ne yawan magani ba.

Haɗarinsa kuwa: mutane da yawa sukan ji tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu, wannan ba komai. Murɗa wuya da sauri shi ne abin tsoro, domin an sha samun waɗanda jijiyar jinin wuyansu ta tsage bayan an yi musu, abin ya kai ga shanyewar ɓarin jiki. Ba ya faruwa da yawa, amma idan ya faru babba ne. Ba a danna bayan mai karaya, ko mai tibin ƙashi, ko mai ciwon daji, ko tsohon da ƙashinsa ya yi rauni, ko mai ɗaya daga cikin alamomin da muka lissafa. Wanda ya yi karatun da gaske zai fara da tambayoyi da gwajin ƙarfin ƙafa, kuma zai mayar da mai irin waɗannan alamomi asibiti.

Masu wannan karatu kaɗan ne ƙwarai a ƙasashenmu, kuma a manyan birane suke. Wanda ya koya daga waya ya zo yana karɓar kuɗi a bakin kasuwa, ba ya cikinsu. Kada kuma matasa su riƙa gwadawa a junansu don wasa. Wanda ya fi kusa da mu a wannan fanni shi ne ma'aikacin gashin ƙashi na asibiti, kuma ta hannun asibitin sansani ake kai wa gare shi.

5. Maɗori, wanzami da mai tausa

Mun tashi mun tarar da su, kuma sun yi wa jama'a aiki a inda babu asibiti. Ba raina su ake yi ba. Tausa mai laushi da man kaɗanya ko ruwan ɗumi tana sassauta tsoka, babu laifi a cikinta. Abubuwan da za a guje wa su ne: taka baya da ƙafa, jan mutum ta kai da ƙafafu, murɗa wuya, da lalas da ƙarfe mai zafi. Tsaga da ƙaho da askar da aka yi wa wani amfani da ita suna iya ɗauko ciwon hanta ko cuta mai karya garkuwar jiki. Muna roƙon iyayenmu masu wannan sana'a da ke cikin sansani, idan aka kawo muku mai zazzaɓi da rama, ko mai jan ƙafa, ko wanda fitsarinsa ya tsaya, ku turo shi asibiti kafin ku sa hannu. Wannan zai ƙara muku daraja.

6. Tiyatar baya

Akwai wanda wuƙar likita ce kaɗai za ta cece shi: wanda aka danne wa jijiyoyin fitsari da ƙafafu, wanda ƙafarsa ke ƙara mutuwa kullum, mai karayar da ke barazana ga laka, da wasu masu tibin ƙashi ko ƙari. Irin wannan idan likita ya ce aiki, jinkiri ya fi aikin haɗari. Tsoro kada ya sa a gudu da majiyyaci gida.

Ga mai ciwon ƙugu na yau da kullum kuwa, tiyata ba ita ce farkon magani ba, kuma sau da yawa ba ta fi motsa jiki amfani. Ayyukan da aka fi yi uku ne: cire ɓangaren faifan da ya danne jijiya, rage ƙashi don a faɗaɗa wa jijiyoyi hanya, da haɗe ƙasusuwa biyu ko fiye da ƙarfe da kusoshi. Na ukun ya fi girma, kuma ba a warware shi. Gaɓar da aka haɗe ta daina motsi ke nan, na sama da na ƙasa da ita su ɗauki nauyinta.

Haɗuran da likita zai faɗa muku sun haɗa da ƙwayoyin cuta su shiga ciwon, zubar jini, daskarewar jini a ƙafa, matsalar allurar barci, yagewar rigar da ta lulluɓe laka, da taɓa jijiya har ƙafa ta yi rauni. Faifan na iya sake turowa. Akwai kuma waɗanda aka yi wa aiki lafiya, ciwon bai tafi ba. Bayan aiki ana bukatar makonni ba ɗaukar kaya, da wanke ciwo a wuri mai tsabta, da komawa ganin likita. Duk wannan sai iyali sun shirya masa.

Bincike biyu za su taimaka mana. A ƙasar Holan an bi mutum 283 masu zafin da ke sauka ƙafa, aka wallafa sakamakon a 2007. An yi wa kashi ɗaya tiyata da wuri, ɗaya kashin aka ce su jira da magani, a yi musu aiki in ciwon ya ƙi. Waɗanda aka yi wa da wuri sun riga samun sauƙi. Cikin masu jira, kusan huɗu cikin goma sun koma an yi musu aikin, sauran ba su bukata ba. Bayan shekara guda kashi biyun sun tashi daidai wajen warkewa. A Amurka kuma, a 1994, an ɗauki hoton MRI na mutum 98 da ba su da ciwon baya ko kaɗan, aka ga faifai ya kumburo a jikin fiye da rabinsu. Ke nan abin da hoto ya nuna ba lallai shi ne ke ciwo ba. Idan ma'aikacin lafiya ya duba ku ya ce ba ku bukatar hoto yanzu, ba rowa yake yi muku ba.

7. Haƙƙinku kafin ku sa hannu

Ba a yi wa babba mai hankalinsa tiyata sai da yardarsa. Kuna da damar neman tafinta, kuma abin da aka faɗa a gabansa sirri ne. Mace na iya neman wata mace ta tsaya tare da ita lokacin dubawa. Kada a dangwala yatsa a takardar da ba a fassara ba. Matambayi ba ya ɓata, don haka ku tambayi likita:

- Mene ne sunan ciwona, kuma me ya nuna haka?
- Me zai faru idan na jira wata uku?
- Aikin zai rage ciwon ƙafa ne, ko na baya, ko duka biyun?
- Wane haɗari ne ya fi yawa, wane ne ya fi muni?
- Yaushe zan koma ɗaukar ruwa ko noma, kuma wa zai duba ni bayan an sallame ni?

Turawa zuwa babban asibiti ta hannun asibitin sansani take bi, da takarda. Duk wanda ya ce ku ba shi kuɗi, ko katin abinci, ko wata alfarma don ya sa sunanku a layin tiyata ko ya fitar da ku waje neman magani, ku kai rahotonsa ofishin kariya. Wanda ciwon bayansa ya samo asali daga duka ko cin zarafi, a hanya ko a gida, zai iya magana da jami'in kariya a keɓe.

8. Abin da za a yi a gida

Kada a kwanta kwana da kwanaki. Hutun yini ɗaya ko biyu ya isa, daga nan a tashi a riƙa takawa, a ƙara nisa kaɗan-kaɗan. Doguwar kwanciya tana sa tsoka ta saki, ciwo ya daɗe.

Wajen ɗaukar kaya, a durƙusa da gwiwa, a jawo kayan jikin ciki, a miƙe da ƙarfin cinya, kada a murɗa ƙugu da kaya a hannu. A nemi mai ɗora wa mutum jarka a ka da mai sauke masa. Sawu biyu da rabin jarka ya fi sawu ɗaya da cikakkiya. Buhu mai kilo 50 na mutum biyu ne. Kada a ɗora wa yara kayan manya. Maza da samari su karɓi nasu rabon na ruwa da itace, musamman idan uwar gida na da ciki ko jego.

Wajen daka, shara, wanki ko noma, a riƙa miƙewa lokaci-lokaci, a dafa ƙugu a ɗan gantsare. Da dare a kwanta ta gefe a sa naɗaɗɗen zane tsakanin gwiwoyi, ko a kwanta rigingine a sa shi ƙarƙashinsu. Da safe kafin a tashi, a jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji a riƙe kaɗan, a sake, a jawo ɗayar. Tsumma mai ɗumi a ƙugu yana taimakawa. Ɗamarar baya da ake tallatawa ba ta cikin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi ga ciwo mai daɗewa.

Magungunan zafin ciwo irin su ibuprofen da diclofenac suna taimakawa na ɗan lokaci, amma suna cin ciki, suna wahalar da ƙoda. Kada a haɗa biyu, kada a sha da yunwa. Mai ciki, mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mai hawan jini su tambayi ma'aikacin lafiya tukuna. Tramadol na masu talla a tire ba maganin baya ba ne. Yana rufe ciwon ne har mutum ya yi aikin da ya fi ƙarfinsa, yana kama jiki, kuma yana iya kawo farfaɗiya. Wanda ya riga ya saba da shi ya zo asibiti a taimaka masa ya rage a hankali.

Idan an yi mako shida ana bin waɗannan babu sauƙi, a koma asibiti a sake dubawa.

9. Tambayoyin bita

A tattauna waɗannan a zauren mata, da majalisar dattawa, da ajin yaƙi da jahilci:

1. Waɗanne alamomi uku ne ke nuna an danne jijiyoyin fitsari da ƙafafu?
2. Yaya ake ɗaukar wanda ya faɗo daga bishiya yana kukan baya?
3. Me ya sa ba a danna bayan mai zazzaɓi da rama?
4. Mece ce ƙarar da ake ji idan an danna baya?
5. A gidanmu wa ya fi ɗaukar kaya masu nauyi, kuma wa zai iya rage masa?

Mai sauran tambaya ya kai ta asibitin sansani, ko ya faɗa wa ma'aikacin lafiya na unguwarsu. Allah Ya ƙara mana lafiya.